Tambaya da Amsa: Dalma Ta Manne a Bututun Bindigata

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mafarauci ne, ina da bindiga mai baki ɗaya mai lasisi. In na ɗaga ta ga haske sai in ga layuka masu ruwan toka a cikin bututun, tsumma ba ya fitar da su. Wani abokina ke sake cika mini kwanson harsashi da dalmar tsohon batir. Ko ita ce sanadi? Mai karatu daga Daura.

Amsa: Wa'alaikumus salam, malam. Ita ce. Harsashin kamfani ƙwayoyinsa an gauraya su da sinadarin antimoni don su yi tauri, kuma suna zaune cikin ƙoƙon roba da ke raka su har bakin bindiga, ba sa taɓa ƙarfe. Na cikin gida ba shi da wannan ƙoƙon, ƙwayoyin kuma ba girmansu ɗaya ba, sai su riƙa gugar bututun suna barin shafe, musamman daf da inda kwanso ke zama. In tsatsar damina ta riga ta ci wurin, kaushin nan sai ya kankare dalmar kamar magagari.

  A nan Najeriya, a ƙarƙashin dokar makamai ta 1959, lasisin farauta bai ba kowa damar haɗa harsashi ba.

Wajen fitar da dalmar daga bututu, fara tabbatar da babu harsashi, ka cire bututun. Jiƙa tsumma da kananzir ka zura, ka bar shi ya kwana. Kananzir ba ya narkar da dalma, ratsawa yake yi ƙarƙashinta ta saki. Da safe ka naɗa zaren soson jan ƙarfe a kan buroshin tagulla, ya shiga da ɗan matsi, domin faɗin cikin bindigar farauta mai lamba 12 (lambar girman bututu ke nan) kusan milimita 18.5 ne, buroshin da ya yi sako-sako aikin banza zai yi. Tura daga baya zuwa baki sau goma zuwa ashirin, za ka ga ɓarɓashi mai ƙyalli yana zubowa. A nan ne mutane suke ɓata bindiga: da yawa daga cikin soson kasuwa baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Gwada da maganaɗisu, in ya kama, ajiye shi, zai karce bututun. Kada ka kusanto da ruwan batir ko takardar yashi. Goge da busasshen tsumma har ya fito fari, sannan ka shafa man keken ɗinki kaɗan, ka share shi kafin ka sake harbi.

Abin da ya fi damuna shi ne narka batir a cikin gida. Dalma na narkewa a digiri 327, ƙurarta da hayaƙin batir guba ne, kuma yara ta fi kamawa. Gubar dalma ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Ka yi gugar a waje bisa tsohuwar jarida, ka naɗe ta ka zubar inda yara da awaki ba sa kaiwa, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci goro ko tuwo. Abokin naka kuma ka faɗa masa ya daina, kai ma ka koma harsashin kamfani daga dillali mai izini.