Tsohon ɗakin karatu na ƙarfe da gilashi: a rushe ko a gyara?

Tambaya: Malam, na karanta cewa an kashe sama da dala miliyan 200 wajen gyara babban ɗakin karatun birnin Washington. Ginin kuwa akwati ne na ƙarfe da gilashi, babu wani ado. Me ya hana a rushe shi a gina sabo?

Amsa: Ɗan'uwa, ba kai kaɗai ka taɓa yin wannan tunani ba. A Birmingham ta Ingila haka aka yi, aka rushe ɗakin karatun da aka buɗe a 1974 duk da koken masu son a bar shi. Na Washington kuwa, wanda ke ɗauke da sunan Martin Luther King Jr., Mies van der Rohe ne ya zana shi, aka buɗe shi a 1972, kuma a 2007 aka sa shi cikin gine-ginen tarihi. Daga nan maganar rushewa ta kau.

Irin waɗannan gine-gine kyawunsu yana cikin haske da daidaiton tsayi da faɗi. Don haka mai gyara sai ya fara gano abin da in aka taɓa shi ginin ya tashi daga kamanninsa, ya bar shi. Sauran kuwa ya shiga da ƙarfinsa. A Washington an rufe ginin daga 2017 zuwa 2020. Kamfanonin zanen gine-gine, Mecanoo na Holan da OTJ na Amurka, suka bar fuskar ginin da babban zauren ƙasa, suka fasa matattakalai masu duhu da ke ɓoye a bayan bango, suka yi sababbi masu faɗi na katako waɗanda haske ke sauka a kansu, suka ƙara lambu a saman rufi. A ganina sun yi daidai, domin mutanen yau suna zuwa da kwamfuta, da yara, wasu a keken guragu.

Ciwon waɗannan gine-gine kusan iri ɗaya ne. Rufi shimfiɗaɗɗe ya yi yoyo, ruwa da iska su ratsa kankare su kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya tsaga simintin daga ciki. Ga asbestos, wani kayan gini mai zare-zare da ƙurarsa ke cutar da huhu, wanda sai an kwashe da takatsantsan. Ga gilashi falle ɗaya da ba ya tare zafi ko sanyi, in kuma ka sa mai kauri, firam ɗin ya yi kiba, siririn layin da mai zane ya sha wahala a kansa ya ɓace. Nan ne aka fi yin gardama.

Aikin da ya fi burge ni shi ne na Vyborg, ɗakin karatun da mai zanen gine-gine Alvar Aalto ya kammala a 1935, lokacin garin yana Finlan, yanzu kuwa yana Rasha. Rufin zauren karatun yana da tagogi masu da'ira sama da 50, an zurfafa su yadda rana ba ta dukan shafi kai tsaye, inuwar hannunka ma ba ta rufe maka rubutu. Daga 1994 har 2013 Finawa da Rashawa suna gyara shi kaɗan-kaɗan, har da silin katakon zauren lacca mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa, wanda suka sake haɗawa sanda bayan sanda.