Fatawa: Mugun da ke cikin fim ɗin 'yan sanda ya hana ni barci

Tambaya: Salam Malam, dan Allah akwai wani shirin 'yan sanda mai dogon zango da nake bi a talabijin, to a wani kashi sun kawo wani mai kashe mutane, shiru-shiru ne ga murmushi, wallahi tun ranar nake ta mafarkinsa, abin haushi ma sai naji ya fi 'yan sandan burge ni. Ina da zunubi?

Amsa: Wa alaikis salam 'yar uwa. Kawo mugu a labari shi kaɗai ba laifi bane, ai Alƙur'ani ya bamu labarin Fir'auna, ya bamu na ɗan Adamu da ya kashe ɗan uwansa a Suratul Ma'ida aya ta 27 zuwa 31, a An'am aya ta 55 kuma Allah yace yana fayyace ayoyi ne domin hanyar masu laifi ta fito fili. Huzaifa ɗan Yaman ma sharri yake tambayar Annabi (SAW) don gudun kar ya riske shi.

Amma ki duba yadda labarin ɗan Adamu ya ƙare, hasara da nadama. Su kuwa masu irin wannan fim da gangan suke ƙawata mugun, su bashi wayo da kwarjini da kiɗa mai tada tsigar jiki don ki dawo sati mai zuwa, to nan matsalar take, in an haɗa da tsiraici ko koyar da dabarar kisa dalla-dalla wannan kam haramun ne ba sai an ja zance ba. Shi kansa wasan kwaikwayo akwai saɓani, Sheikh Bakr Abu Zaid ya hana, Ibnu Usaimin ya yarda da sharuɗɗa.

Tsoro da mafarki babu zunubi a kansu, burgewar ma in gwanintar ɗan wasan ce ba kisan ba da sauƙi. Sai dai tunda yana cutar dake ki bar wannan kashin, kar kuma ki tura ma wani don ki razana shi, hadisin Abu Dawud ya hana tsoratar da musulmi. In mafarkin ya dawo ki yi tofi hagunki sau uku, ki nemi tsari daga shaiɗan, ki juya kwanciya, ki daina bada labarinsa, sannan Ayatul Kursiyyu kafin barci. Yara kuma kar a kunna shi a gabansu sam. Wallahu a'alam.