Yaya, ga amsar maganar kifin da na saki

Yaya barka da war haka, ya su Hajiya ya yara. Saƙon muryar nan naka na saurare shi har sau uku, na farko na yi dariya, na biyu na ɗan ji haushi, a na ukun ne na ce bari dai in zauna in rubuta, don in na kira ka ba za ka bari in kai aya ba, na san halinka. Wai ka ga bidiyo na kama kifi kamar cinyar ƙato na shafa shi na mayar ruwa, har ka nuna wa mutanen majalisa suna cewa ƙaninka ya ƙoshi. Sannan ka ƙarasa da cewa ko akwai sauran Hausa a jikina, ka yi dariya a ƙarshe don kar in ce da gaske kake, amma ai na ji.

Bari in fara da wurin, don kai a tunaninka wani kududdufi ne bayan gari. Daga Minneapolis ta jihar Minnesota inda muke sai ka yi tuƙin awa huɗu da wani abu arewa kafin ka kai wani ƙaramin gari Ely, daga nan kuma kwalta ta kusa ƙarewa. Dajin sunansa Boundary Waters, yana kan iyakar Amurka da Kanada, ya fi eka miliyan ɗaya kuma tafkunan cikinsa sun haura 1,100. Gwamnati ta killace shi, doka ta 1978 ta ƙara tsananta abin, ba gida ba shago ba lantarki, yawancin tafkunan ba a yarda da jirgi mai inji ba sai kwale-kwale da filafili kamar dai na su Kaka. Sai ka nemi takardar izini tun watanni kafin lokacin, ayari ɗaya kar ya wuce mutum tara da kwale-kwale huɗu, kuma ba a shiga da abincin gwangwani ko kwalba. In tafki ya ƙare sai ka kife kwale-kwalen a kafaɗa kanka na ciki ka bi ƴar siririyar hanya cikin duwatsu har tafki na gaba, ka dawo ka ɗauki jakunkuna. Wanda ka ce ya ƙoshi Yaya shi ne ya yi wannan dakon sau shida a wuni ɗaya, da na dawo gida sati guda ina shafa man zafi.

Mu tsakiyar Satumba muke zuwa, farkon kaka kenan a nan. Dalili na farko sauro, don a watan Yuni da Yuli sauron dajin nan wallahi na bakin kogin Yauri yara ne, amma da sanyi ya fara sauka da dare sai su ɓace. Mutane ma sun ragu an koma makaranta. Ganye ya fara juyawa ruwan ɗorawa da ja, da asuba hazo na tashi daga ruwan kamar an ɗora tukunya, ka sa hannu a tafkin ka ji ya fi iskar ɗumi. Kifin kuma ya san hunturu na tafe, ci yake ba ji ba gani yana tara kitse kafin ruwan ya daskare. Bana ta tafkin da suke kira Lake One muka shiga muka nausa har Insula, a hanya ka ratsa inda gobarar daji ta 2011 ta cinye, har yanzu ga baƙaƙen kututture a tsaye sabbin itatuwa sun taso a tsakaninsu.

Kifi uku muke nema. Akwai walai, shi ne ɗan gatan jihar nan, tun 1965 suka naɗa shi kifin jiha a hukumance, e har kifi yana da sarauta a nan kar ka yi dariya. Idonsa fari-fari ne yana ƙyalli kamar na mage in an haska ta, yana gani cikin duhu, shi ya sa sai da sassafe ko gab da magariba ko ranar da iska ke kaɗa ruwa yake ci sosai. A ƙasa yake zama kusa da duwatsu, sai ka sa ƙugiya mai ɗan dalma a kai ka maƙala ƙaramin kifi ko tana ko matsattsaku, e matsattsaku, a shago ake sayar da su da tsada, in an samu kenan don zuwa Satumba sun fara wuya. Cinsa kuma a hankali ne kamar mai jin kunya, ɗan nauyi kawai za ka ji a zaren. Namansa fari tas ba ƙarni, ya fi kama da giwan ruwa a baki ko da yake bai kama ƙafarsa a girma ba. Mafi girman da aka taɓa kamawa a jihar a 1979 ne, bai cika kilo takwas ba. Da na gaya wa surukina, mahaifin matata da muke zuwa dajin tare, cewa a Argungu ana fito da giwan ruwa mai sama da kilo 70 da hannu da koma, sai da na nemo masa hoto kafin ya yarda.

Sai bas mai ƙaramin baki, wannan ɗan dambe ne, bai kai tsawon hannu ba amma in ya kama sai ya yi tsalle sama ya girgiza kai ya koma ya ja sandar har ta lanƙwashe. Shi ba ɗan asalin tafkunan nan ba ne, kawo shi aka yi shekaru da dama da suka wuce ya samu wuri ya baje, tsofaffin masu son walai har yau suna masa kallon baƙo. Surukina in na kama ɗaya sai ya ce ga ɗan uwanka nan, ni kuma in ce masa ai kai ma kakanka daga Finlan ya zo haƙar ƙarfe, in ana maganar ƴan ƙasa sai dai ƙabilar Ojibwe su yi magana, su da ake gani a farkon Satumba suna kaɗe shinkafar daji cikin kwale-kwale da sanduna biyu. Sai ya yi dariya ya ce na ci shi.

Na ukun shi ne wanda ka gani a bidiyon, fayik. Dogo ne kamar taɓarya, baki kamar na agwagwa cike da haƙora, in kana son kwatance ka tuna tsage wajen mugunta. Cikin ciyawar ruwa yake laɓewa ya yi kwanton ɓauna, in ba ka sa ɗan guntun waya a gaban ƙugiyar ba zaren zai datse ya tafi da ita. Wannan ɗin da la'asar sakaliya ya kama, ina jan wani ƙarfe mai siffar cokali ja da fari a bakin ciyawa, sai na ji kamar na maƙale a kututture, sai kututturen ya fara tafiya. Ya ja kwale-kwalen ya juya mu, babban ɗana na gaba yana ihu Baba kar ka sake Baba kar ka sake, da Hausa fa, ka riƙe wannan zan dawo kai. Da muka ɗora shi kan ma'auni inci 36 ne. To dokar wannan yanki na arewa maso gabas tun 2018 ita ce duk fayik da ke tsakanin inci 30 zuwa 40 dole ka mayar da shi nan take. Ko na so ko ban so ba kenan. Malaman dajin nan su ma a kwale-kwale suke yawo, su tsaya su duba lasin ɗinka su auna abin da ka kama, ba kuma maganar a ba su na goro.

Amma kar in fake da doka in yi maka ƙarya, ko ba dokar ma da zan sake shi. Masu wannan girman yawanci mata ne, su ke zuba ƙwai mai yawa, kuma a ruwan sanyi irin wannan kifi kan yi shekaru kafin ya kai haka. Ga shi ba firji ba ƙanƙara, mu uku ne, walai biyu sun ishe mu cin dare. Sayarwa kuwa da ka tambaya nawa nake samu, haramun ne a dokarsu ka sayar da kifin da ka kama da lasin irin nawa, ni ke kashe kuɗi ma.

Abin da ya ba ni haushi a maganarka shi ne da ka ce wannan ɗabi'ar Turawa ce. Yaya kai fa ka girme ni, ka fi ni sanin Kaka. Ka manta ranar da ya kwance mamari ya tarar da tarwaɗa cikinta fal ƙwai ya cire ƙugiyar a hankali ya tura ta ruwa, na fashe da kuka don na riga na sa rai, ya ce min wannan ta baɗi ce? Ka manta yadda yake tsine wa masu zuba gamalin a ruwa da masu jan taru mai ido kamar gidan sauro? Shi da bakinsa yake ba mu labarin yadda ruwa ya canza bayan an datse Kainji a 1968, da yadda a da in sarkin ruwa ya ce an rufe wuri to an rufe. Matan Fada na Argungu ma ai hana kamun kifi ake yi a wurin sai ranar biki, shi ya sa ake samun manya. Ni dai abin da na gani a nan shi ne an rubuta irin wannan a littafi an sa inci da tara, nasu kenan.

Kuma in gaskiya za a bi ai a gida aka fara raba mu da ruwa, tun kafin in san hanyar filin jirgi. Baba da ya zama malamin makaranta bai so a ce ƴaƴansa na ƙarnin kifi, ka tuna dukan da na sha da aka gan ni da fatsa a bakin kasuwa da rigar makaranta. An nuna mana kamun kifi aikin wanda bai yi boko ba ne. Na yi shekara kusan ashirin ban taɓa filafili ba sai da surukina, wannan tsohon da kake kira Bature, ya miƙo min ɗaya, ya tsaya zai koya min, na karɓa na daidaita jirgin daga baya ba tare da na sauya hannu ba, ya dube ni ya ce wa ya koya maka. Ban iya ba shi amsa nan take ba don wani abu ya tokare min maƙogwaro.

Maganar aure kuma tunda ka sako ta ta bayan gida. Shekara goma sha huɗu kenan, har yanzu in na kira gida sai wani ya tambaye ni ko matata tana nan, kamar wadda aka ba ni aro. Tana nan. Ta musulunta kafin mu haɗu ma, na gaji da maimaitawa. Mahaifinta bai musulunta ba kuma ban ɓoye muku ba. A al'adarsu in an kama walai da rana a kan dutse ake soya shi, da yawansu da man alade, wasu su kwaɓa fulawar da giya. Tafiyarmu ta farko ban ce komai ba na ci burodi da shayi na ce cikina ne, ashe ya lura. Shekara ta biyu da muka sauke kaya sai ya zaro sabon kasko da takardar shago a jiki da gorar man gyaɗa, ya ce daga yau wannan ne na ayari, tsohon ya bar shi a gida. Kasko mai nauyi fa, na baƙin ƙarfe, shi yake ɗaukar abinsa a duk dakon nan yana da shekara saba'in da ɗoriya. Yanzu da garin masara da yajin ƙuli muke soyawa, shi ke fara tambaya ko na taho da yajin. In lokacin salla ya yi shi ke duba kamfas ya nuna min, don a nan alƙibla arewa maso gabas take, kuma netwok babu balle waya ta nuna maka. Ni da yaron mu yi alwala da ruwan da ke sa haƙora kaɗawa mu yi ƙasaru a kan falalen dutse, shi kuma ya koma gefe ya hura wuta ya yi shiru har mu sallame. Na san masu sunan Musulmi a garin nan da ba za su yi maka haka ba.

Ba na ce komai daidai yake ba. Mu Hausawa a nan ba mu da yawa, ba kamar Somaliyawa da suka cika unguwa guda da masallatansu da kasuwanninsu ba, mu sai suna ko salla ke tara mu, ƴan Kano da ƴan Damagaram da ƴan Kumasi duk a falo ɗaya. Su ma dariya suke min, wai mutum ya bar katifa ya je ya kwana a tanti inda sai an rataye abinci a bishiya saboda beyar. Mutum biyu kawai na taɓa shawo kansu, ɗaya da ya ji kukan kyarkeci da dare bai runtsa ba har asuba, bai sake zuwa ba. Autata kuma Hausarta ta ji ce kawai, in na yi mata magana ta mayar min da Turanci, wannan yana damuna fiye da yadda kake zato, ba sai an tuna min a majalisa ba.

Shi babban a dajin ne bakinsa ke buɗewa, ban san dalili ba, wataƙila don ba waya ba abokai. A can ya koyi ƙugiya da ƙoto da filafili da koma, yana kiran fayik tsagen Turawa. Daren ƙarshe muna zaune bakin wuta ya tambaye ni sunan ƙullin da nake ɗaure ƙugiya da shi, irin na Kaka wanda ake naɗa zaren a jikin ƙarfen a zura ta ƙasa, hannuna ya iya amma sunan ya ɓace min ƙat. Don Allah in ka shiga Yauri ka tambayar min cikin tsofaffin Sarkawan da suka rage a bakin ruwa, ka turo min da murya yadda zai ji yadda ake faɗa. Sannan in akwai mai tahowa a haɗo mu da yajin ƙuli, na wurin Hajiya ba na kasuwa ba, wanda ke hannunmu saura kaɗan a gindin gora. A gaida kowa da kowa.