Filin Tambaya da Amsa: Ci-ranin Aikin Jinya a Amurka

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda: aikin nas mai yawo daga asibiti zuwa asibiti a Amurka bisa gajeren kwantiragi, wanda ake kira tirabul nas. Mu za mu kira shi ci-ranin jinya, tun da barin gida ake yi, a yi 'yan watanni, a karɓi haƙƙi, a koma ko a ƙara gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni nas ce, shekarata huɗu ina aiki a wani asibitin gwamnati. Ina ganin masu wannan aiki a TikTok suna cewa dubban daloli suke samu a mako. Wani ya ce in ba shi kuɗi ya samo mini gurbi cikin wata uku. Ta ina zan fara? — Wata nas daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin komai, ki riƙe kuɗinki. Ba wanda zai ɗauke ki daga Kano ya sauke ki a wannan aiki cikin wata uku, domin aikin ba shi ne ƙofar shiga Amurka ba. Ɗaki ne a ƙuryar gida, sai an wuce zaure da tsakar gida ake isa gare shi. Kamfanonin da ke ba da shi suna son ganin abu uku a hannunki: lasisin jihar da za ki yi aiki, izinin aiki a ƙasar, da gogewar shekara ɗaya zuwa biyu a fanninki, wadda galibi a asibitin Amurka suke so a ce kin yi ta.

Mu fara da zaure. A Amurka babu hukuma guda mai ba da lasisi kamar NMCN, hukumar jinya da ungozoma ta Najeriya, kowace jiha da tata hukumar. Za ki zaɓi jiha, ita kuma ta nemi a tantance karatunki, yawanci ta hannun CGFNS, cibiyar tantance takardun ma'aikatan jinya na ƙasashen waje, wadda ta sauya suna zuwa TruMerit a 2025. Makarantarki ce za ta aika da sakamakonki kai tsaye, NMCN kuma ta tabbatar da rajistarki; takardar da ta biyo ta hannunki ba sa karɓa. Abu biyu ke yawan maƙalar da mutane a nan. Na farko suna: Muhammad a fasfo, Mohammed a shahada, ko sunan miji ya maye na uba bayan aure. Ki daidaita wannan tun yanzu, ki ajiye takardar rantsuwar kotu. Na biyu, dole sakamakon ya nuna awoyin aji da awoyin aikin asibiti a kowane fanni: jinyar manya, tiyata, yara, haihuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan magatakardan makaranta ya bar gurbi ɗaya fanko, fayil ɗinki zai kwanta watanni. A Fabrairun 2024 NMCN ta fitar da ƙa'idar cewa sai nas ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tabbatar da takardunta zuwa waje, abin da ya jawo zanga-zangar ma'aikatan jinya. Ke shekarun aikinki sun haura haka, amma ki duba ƙa'idar da ke aiki a ranar da za ki nema.

Sai NCLEX-RN, jarrabawar samun lasisin nas a Amurka. A kwamfuta ake yin ta, tambaya 85 zuwa 150 cikin awa biyar. Kuɗin rajista dala 200 ne, da ƙarin 150 ga mai rubutawa a wajen Amurka, ban da jirgi da masauki, tun da 'yan Najeriya kan je Afirka ta Kudu ko Kenya ko Ingila. Takardar izinin rubutawa tana da wa'adi, galibi kwana 90, ba a kuma ƙara shi, don haka bizar ƙasar da za ki je ta zama a shirye. Wadda ta faɗi sai ta jira kwana 45. Masu faɗuwa ba rashin hadda ke kayar da su ba. Jarrabawar za ta jera miki majinyata huɗu ta ce wa za ki fara dubawa, wane aiki za ki ba mataimakiya, wane ne ba ya halatta ki ba ta. A kan irin wannan za ki horar da kanki.

Bayan haka akwai gwajin Turanci. A IELTS ana neman 6.5 a jimla da 7 a magana, kuma sakamakon shekara biyu yake yi, saboda haka kada ki yi gaggawar rubuta shi ya mutu kafin a buƙace shi. Da shi za ki samu shaidar VisaScreen, wadda ake nema daga ma'aikatan lafiya kafin a ba su biza, mai shekara biyar. Daga nan asibiti ko kamfani ya nema miki bizar zama ta EB-3, ki shiga layin da kan ɗauki shekaru. Ƙofar kanta kan rufe: a 2020 an dakatar da bizar zama ga 'yan Najeriya, aka buɗe a 2021, sannan a Disamban 2025 aka sake sanya Najeriya, aka kuma ƙara Nijar, cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza. Ki san halin da ake ciki kafin ki kashe kwabo.

Wanda ya ɗauki nauyin bizarki zai ɗaure ki da kwantiragin shekara biyu zuwa uku, da tara mai nauyi idan kika fita kafin lokaci. Ki ba lauya ya karanta miki shi. Sai kin sauke wannan nauyi sannan maganar ci-rani ta taso. Shi kuwa mai cewa zai gajarta miki hanya, ki tuna a Janairun 2023 hukumomin Amurka suka bankaɗo shahadun jinya na bogi fiye da 7,600 da aka sayar daga wasu makarantu a Florida, jihohi kuma suka bi masu su suna karɓe lasisi.

TAMBAYA: Ina aiki a sashen kwantar da manya a wani asibiti a Texas, watana goma sha huɗu. Na isa in fara? Me zan tanada, kuma yaya ake samun aikin farko? — Wani nas daga Houston

AMSA: A takarda ka isa, ɗan'uwa, domin akwai kamfanonin da ke karɓar shekara ɗaya. Shawararmu ka cike biyu. Sabon ma'aikaci na dindindin ana ɗaukar makonni ana nuna masa aiki. Ɗan ci-rani duti ɗaya ko biyu ake ba shi, a nuna masa ɗakin magani da lambar ƙofa, kashegari a miƙa masa majinyata biyar ko shida. An kira shi ne don hannu ya yi ƙaranci, ba mai lokacin tsayawa a kansa. Ka tambayi kanka: ƙarfe uku na dare, jinin majinyaci ya faɗi, numfashinsa ya sauya, ba ka san sunan likitan da ke kan kira ba, za ka san abin yi a minti biyar na farko? Idan kana shakka, ka nemi a riƙa tura ka wasu sassan asibitinku na 'yan watanni. Ba horon da ya fi wannan kama da aikin.

Ka yi sa'a da jiha. Texas tana cikin yarjejeniyar lasisin bai-ɗaya ta NLC, wadda jihohi kusan 40 ke ciki, kuma idan can ne mazauninka na dindindin, lasisinka na jihohi da yawa zai yi aiki a Florida ko Arizona ba tare da sabon nema ba. California da New York ba sa ciki, sai ka nemi nasu daban, kuma ka fara da wuri don yana ɗaukar lokaci. Da yawa suna jure wahalar California saboda dokarta ta ƙayyade majinyata: biyu ga nas ɗaya a sashen kulawa ta musamman, huɗu a sashen gaggawa, biyar a sashe irin naka.

Ka tara waɗannan a fayil guda a wayarka: katin horon ceton rai na BLS da ACLS, masu shekara biyu, ka tabbata ba za su mutu a tsakiyar kwantiragi ba, shaidar rigakafin ƙyanda, ƙarambau, ciwon hanta nau'in B da mura, gwajin takunkumin N95, da sunayen shugabanninka biyu da za su shaide ka. Za a yi maka gwajin ƙwaya da binciken tarihi. Game da tarin fuka, duk wanda aka haifa a ƙasashenmu ya dubi damtsensa, zai ga tabon allurar BCG. Ita kan sa gwajin fata ya nuna kamar akwai cutar alhali babu, a tura ka hoton ƙirji, ranar fara aiki ta wuce. Ka nemi gwajin jini na QuantiFERON tun farko.

Ka yi rajista da kamfani biyu ko uku. Akwai manya irin su Aya Healthcare da AMN Healthcare, akwai ƙanana masu kyau. Ka duba ko suna da shaidar Joint Commission, cibiyar da ke tantance ingancin asibitoci da irin waɗannan kamfanoni. Nas ba ya biyan wakilin kamfani ko sisi, asibiti ke biya. Ka kafa musu sharaɗi: kada a miƙa sunanka ko'ina sai da izininka a rubuce, domin idan kamfani biyu suka miƙa ka gurbi ɗaya, asibiti kan jefar da duka biyun. A takardar auna ƙwarewa kada ka cika abin da ba ka taɓa yi ba. Ranar farko asiri zai tonu, a sallame ka. Aikin farko shi ne mai wuyar samu, saboda asibitoci sun fi son wanda ya taɓa yi, don haka ka sassauta: ka karɓi dutin dare, ka karɓi ƙaramin gari. Idan shugabar sashe ta kira, hirar ba ta da tsawo. Ka tambaye ta majinyata nawa ne ga nas ɗaya, wace manhajar rubutun asibiti suke amfani da ita, Epic ko Cerner ko Meditech, wa ke ɗibar jini da dare, da kuma sassan da za a iya tura ka, tun da ɗan ci-rani ake fara turawa.

TAMBAYA: An yi wa maiɗakina tayin dala 2,000 a mako na mako 13, amma a takardar na ga kuɗin awa dala 22 kacal. Cuta ce? — Wani magidanci daga Maryland

AMSA: Ba lallai ba ne, Malam, haka ake tsara albashin. Awa 36 a mako, wato duti uku na awa 12, sau 22 ya ba da dala 792; wannan ake cire wa haraji. Sauran 1,208 alawus ne na masauki da abinci, wanda ba a cire masa haraji, kuma ba ya wuce iyakar da hukumar gwamnatin tarayya ta GSA ke yanka wa kowane gari.

Sai dai rangwamen yana da sharaɗi. Dole ta kasance tana da gida na dindindin da take ci gaba da biyan kuɗinsa, tana kuma biyan wani masaukin a wurin aiki, wato kashewa biyu. Ba da adireshin 'yar'uwa ba tare da biyan haya ba bai wadatar ba. Za ku ji ana cewa in dai nisan ya kai mil 50 shi ke nan. Wannan ƙa'idar asibitoci da kamfanoni ce, hukumar haraji ta IRS ba ta da ita. Abin da take dubawa shi ne nisan ya kai a ce dole a kwana a can. Idan kuma aka wuce shekara guda a wuri ɗaya, aikin ya tashi daga na wucin gadi, alawus ya shiga haraji. Wanda aka bincika aka samu da saɓani zai biya harajin baya da tara da ruwa. Ku ajiye kowane rasit, ku nemi masanin haraji da ya saba da masu wannan aiki.

Ƙaramin kuɗin awa yana da nasa illar. A kansa ake lissafin aikin ƙarin lokaci, ninki ɗaya da rabi na 22 kuwa 33 ne kawai, don haka ta nemi a rubuta mata farashi daban. Banki ma idan kuka je neman bashin gida, 792 ɗin zai fi kallo.

Inda aka fi ƙonewa shi ne awoyin da aka lamunce. Idan majinyata suka ragu aka ce ta zauna a gida duti ɗaya, ta rasa dala 264, wasu kamfanonin kuma su zabtare sulusin alawus, ga mai gidan haya ba ya rage komai. Ku duba duti nawa asibiti ke da ikon sokewa ba biya. Asibiti yana iya soke kwantiragin kacokan, ko da ta riga ta isa garin. Saboda haka kada ta sa hannu a hayar wata uku. Ta nemi ta wata-wata, ta yi makon farko a otal, kada ta tura kuɗin ajiya ga gidan da ba a zagaya da ita ta bidiyo kai tsaye ba. Ku tanadi kuɗin da zai riƙe ku wata biyu, ku kuma tambayi ranar da inshorar lafiya ke farawa da abin da ke faruwa da ita tsakanin kwantiragi biyu. Manyan kuɗaɗen da ake yayatawa na lokacin korona ne, 2021 zuwa farkon 2022, farashi ya sauko tun daga nan.

TAMBAYA: Ina sa hijabi, kuma kwantiragin da nake nema zai haɗa da ƙaramar Sallah. Zan samu matsala? — Wata nas daga Ohio

AMSA: Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi sassauci daidai gwargwado saboda addini, Malama, kuma hijabi da 'yan mintocin salla suna ciki. Ki zaɓi gajere wanda ake cusawa cikin riga, mara fil, don kada ya taɓa rauni ko majinyacin da ya ruɗe ya finciko shi. A tiyata ki tambayi abin rufe kai da suke bayarwa. Yawancin asibitoci suna da ɗakin ibada, ki nemi wadda za ta riƙe miki majinyata kafin ki tafi, ke ma ki riƙe mata a nata hutun. Hutun Sallah kuwa, alƙawarin baki na wakili ba ya aiki a sashe. A rubuta ranakun a cikin kwantiragi kafin ki sa hannu, kuma tun da sai an ga wata, ki nemi kwana biyu ko uku a jere.