Yaya, ita ma fitilar mota tana da hannu

Yaya, na saurari saƙonka na murya har sau biyu. Hoton nan da aka saka a zauren gidanmu na WhatsApp, inda ka gan mu mu huɗu mun zagaye fitilar mota a kan teburin kicin, shi ya sa ka tambaya: wai a Ingila babu kanikawa ne, kuma me ya samu fitilar da sabuwa ce fil daga kwali? Sannan ka sake tayar da tsohuwar maganarmu, ta in turo maka mota daga nan a juya mata sitiyari a Jos. Amsar biyun a wuri guda take, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta a natse.

Kanikawa kam akwai su, sai dai da awa suke caji, kuma da yawansu ba sa yarda su buɗe cikin fitila. Sabuwa za su ce ka sayo. Mu kuwa Hausawan da ke Manchester da kewaye, yawancinmu mota ce abincinmu. Wani tasi yake ja, wani kai saƙo, wata kuma aikin jinya take zuwa da asuba a unguwar da bas ba ta kaiwa da wuri. In motar ɗaya ta tsaya, gida guda ne ya shiga wani hali. Saboda haka muka mayar da ranar Asabar kamar ranar gayya. Muna da wani dattijo a cikinmu wanda ya yi shekaru yana wayarin a Farin Gada ta Jos kafin ya zo nan, shi ne malaminmu. Mai matsala ya kawo, a haɗu, a sha shayi, a gyara. Ba a biyan kowa, amma wanda aka yi wa aiki yau ba ya ɓacewa ranar da aka kira don wani.

Fitilar da ka gani ta wani yaro ce da bai daɗe da zuwa ba. Ya ga masu kyau a intanet, irin masu zanen haske a gefe, ya tura kuɗi aka aiko masa. Ya ɗaura, sun zauna daram, sun kama. Amma duk dare in ya fita sai masu tahowa su riƙa wulga masa ful, shi kuwa a dim yake. Da ya kai motar gwajin shekara, wanda ake kira MOT, aka kayar da ita. Duk motar da ta kai shekara uku a nan sai ta yi wannan gwaji kowace shekara, kuma akwai na'urar da ake tsayarwa a gaban fitila a ga inda haskenta ke sauka. Fitilun yaron lafiyarsu ƙalau. An dai ƙera su ne don ƙasashen da ke bin hannun dama.

Abin da ni ma ban sani ba sai da na zo nan shi ne dim ba a miƙe yake zuba haske ba. Ka tsayar da mota a gaban bango da dare ka duba. Za ka ga hasken ya yanke a kan wani layi, samansa duhu, ƙasansa haske. Layin nan a kwance yake ta ɓangare ɗaya, ta ɗayan kuma sai ya ɗaga sama, a wasu fitilun ya karkata kamar digiri 15, a wasu ya yi kamar matakala. Ɓangaren da ke kwance shi ne na mai tahowa, don kada a dalle masa ido. Ɓangaren da ya ɗaga na gefen titi ne, don direba ya hango mai tafiya a ƙasa, da allon hanya, da dabbar da ke shirin tsallakawa. A Ingila hagu muke bi, gefen titi yana hagunmu, sai hasken ya ɗaga ta hagu. A Najeriya tun ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Gowon, aka koma hannun dama don a daidaita da maƙwabta irin su Nijar da Kamaru, don haka fitilar da ta dace da titinmu ta dama take ɗagawa. In aka musanya, hasken da aka tanada don gefen hanya kai tsaye zai shiga idon wanda ke fuskantarka, kai kuma gefenka ya zauna cikin duhu.

Ba sai an kunna ba ma ake ganewa. Fitilun da aka yi bisa ƙa'idar Turai suna da tambari a jikin gilashi ko a bayan roba: harafin E a cikin da'ira da lamba kusa da shi, E1 Jamus, E2 Faransa, E11 Birtaniya. Lambar ƙasar da ta amince da fitilar ce kawai, ba ita ke nuna hannu ba. Kibiya ake nema a kusa da tambarin. In babu kibiya, ta masu bin dama ce, irin tamu ta gida. In akwai kibiya mai kai ɗaya tana nuna damanka kana tsaye kana kallon fitilar, ta masu bin hagu ce. In kai biyu gare ta, ana iya saita ta ta yi kowane hannu. Yanzu a cikinmu ba wanda ke sayen fitila a intanet sai ya ce wa mai sayarwa ya turo hoton wannan wuri tukuna.

Gyara ya danganta da irin fitilar. Wadda ke da faffadan madubi a ciki, ko tsohuwar mai zane-zane a gilashi, an gina hannun ne a jikinta, babu dabara sai canji. Akwai wata 'yar leda da ake mannawa a gilashi ta toshe ɓangaren da ya ɗaga. Ita muke saya in za mu tsallaka Faransa ko Beljiyam ziyarar 'yan uwa, har a tashar jirgin ruwa ta Dover ana sayar da ita. Ta kwana biyu ce, tana rage haske, kuma ba ta mayar da ɗagawar ɗaya gefen, sharewa kawai take yi. Wasu motocin suna da ɗan maɓalli a bayan fitila ko a allon gaban direba da ke kwantar da layin.

Ta yaron nan irin mai ƙwayar gilashi ce kamar idon saniya. A bayan ƙwayar akwai ɗan farantin ƙarfe siriri, bakinsa ne aka yanka da matakalar nan, shi ke zana layin haske. Dattijonmu ya ɗumama fitilar a hankali har danƙon da ya riƙe gilashi ya saki, ya ɓanɓare ba tare da ya karya kunnuwan roba ba, ya kwance farantin ya juya shi, ɗagawar hasken ta tashi daga dama ta koma hagu. Faɗarsa ya fi yinsa sauƙi. Ramukan noti ba su faɗa daidai ba, sai da aka huda sababbi, kuma gezau ɗin da bai kai kaurin farce ba a ciki ya kan zama taku guda a kan titi. Ba a taɓa madubin ciki da yatsa, tabon ba ya fita. In ba a mayar da danƙo da kyau ba, ruwan farko zai sa gilashin ya yi gumi. Wuni guda cur muka yi a kan guda biyu, sannan aka kai gareji aka saita da na'ura, aka koma gwaji ta wuce. Gaskiya ni da a ce kuɗinsa ba su riga sun maƙale ba, da mayarwa zan ce ya yi ya sayo ta hannun da ya dace.

To ka ga dalilin da ya sa nake jan ƙafa a kan turo maka mota. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta sha nanata cewa doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama a titunanmu ba, shi ya sa ake juyawa. Kanikawanmu na Farin Gada da na Apo a Abuja suna da basira, ba na raina musu. Za a mayar da sitiyari, da birki, da totur, da allon gaba, har ka rantse haka aka ƙero ta. Amma sau nawa ka ji an ce a canja fitila? Mota ta taso daga Ingila ko Japan, su ma hagu suke bi, an juya mata komai an bar mata idon ƙasarta. Sai a ƙara mata ƙwan nan fari mai tsananin haske a cikin gidan da ba don shi aka yi ba, ya watse ko'ina. A nan in an ga irin wannan ƙwan a fitilar da aka yi don ƙwai na gargajiya, motar ba ta wuce gwaji.

Bara da na zo muka taso daga Abuja bayan magariba, ka tuna yadda muka sha wuya daga Akwanga zuwa Hawan Kibo. Kana ta wulga wa masu tahowa, su ma suna rama maka da ful, ga hazo, ga manyan motoci a kwana. Na san wasu ganganci ne. Amma na tabbata akwai waɗanda a dim suke, ba su san fitilarsu hagu take kallo ba, kamar yadda yaron nan bai sani ba. A daren nan na ga wata mata da goyo a gefen titi, ba mu gan ta ba sai da muka zo daf da ita, kuma har yau tana raina.

Motarka ta yanzu da ka ce an sa mata fitilu na hannu bayan ɗan karon nan, don Allah ka duba ta daren yau. Ka sami fili a miƙe a gaban katangar gida, ka ja baya mita 10, ka auna tsawon tsakiyar fitila daga ƙasa ka ja layi da alli a bango daidai wannan tsawo. Ka kunna dim, ka rufe fitila ɗaya da tsumma, ka duba ɗaya bayan ɗaya. Layin da ke kwance ya sauka ƙasa da allin kamar santimita 10 in an rubuta 1% a jikin fitilar, ɗagawar kuma ta zama ta damanka kana zaune a kujerar direba, a duka biyun. Ka ɗauko min hoton bangon da na tambarin. In ta hagu ta ɗaga, kar ka kai ta hanyar Abuja da dare, ka nemi ta motocin Beljiyam ko Jamus marar kibiya, ni zan turo kuɗin. A gaishe min da Hajiya da yara.