Hannun Dama ne ko na Hagu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai sana'ar ƙunshi ce a Agege, Legas. Idan amarya ta turo mini hoton zanen da take so ta waya, ba na tantance hannun dama ne ko na hagu sai na ji kamar ina juya nawa hannun, wani lokaci har na ɗaga shi a fili. Anya lafiya kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, domin haka ƙwaƙwalwar kowane mai lafiya take aiki, kuma ni a wurina wannan yana cikin abubuwan ban mamaki na halittar ɗan Adam.

A shekarar 1971 wasu masu bincike kan aikin ƙwaƙwalwa, Roger Shepard da Jacqueline Metzler, suka nuna a Amurka cewa gwargwadon karkacewar hoton abu, gwargwadon daɗewar da mutum zai yi kafin ya gane shi, saboda sai ya juya shi a zuci tukuna. Amma hannu daban yake. A 1987 wani mai binciken, Lawrence Parsons, ya gano cewa mai kallo yakan ƙiyasta nasa hannun ne yana tafiya har ya dace da wanda ke cikin hoton. Shi ya sa hannun da yatsunsa suka karkato wajen ƙirji yake saurin ganuwa, wanda kuwa ya lanƙwashe waje, yadda wuyan hannu da kafaɗa za su sha wuya kafin su kwaikwaya, sai ya jawo jinkiri da kuskure.

Har yadda kika ajiye jikinki yana da tasiri. An gwada mutane hannayensu na kan cinya, aka sake gwada su sun harɗe su a baya, sai amsarsu ta ƙara jinkiri, domin tsokoki da gaɓoɓi kullum suna sanar da ƙwaƙwalwa inda hannu yake, ko da ido a rufe, kuma daga nan take fara lissafinta. Saboda haka idan kina riƙe da kwanon lalle, ki ajiye shi kafin ki duba.

Ga dabara: ki juya wayar yatsu su kalli sama. Idan bayan hannu ne, wato ana ganin farce, kuma babban yatsa yana hagunki, to hannun dama ne. Idan tafi ne, sai ki juya hukuncin. Sai dai kyamarar gaba ta wasu wayoyi tana juya hoto kamar madubi, don haka ki tambayi amaryar yadda ta ɗauka kafin ki kwaɓa lallen.