Idan ka gano kuskure bayan rubutu ya riga ya fita

Ɗan'uwa, ka tambaya: mutum ya wallafa rubutu, jama'a sun karanta, daga baya ya ga kuskure, shin ya gyara shiru ne ko sai ya sanar? Abin da za ka duba shi ne wanda ya karanta kafin gyaran. In bai tafi da gurguwar fahimta ba, gyara abinka, ba sai ka ce komai ba. In kuwa ya tafi da ita, yana bin ka bashin bayani.

Harafin da ya faɗi, kalmar da ta maimaitu, waƙafin da ya zauna inda bai dace ba, duk waɗannan gyaran shiru ya ishe su. Sai dai akwai kuskuren da yake ƙarami a ido amma babba a ma'ana. Ka sa biliyan 5 a wurin miliyan 5, harafi ɗaya ne ya canza, amma ka ninka kuɗin sau 1,000. Haka adadin magani, ranar jarrabawa, sunan mutum ko muƙaminsa. Waɗannan ba a gyara su a ɓoye.

Kafin ka taɓa komai, koma tushen bayanin ka tabbatar, kada ka dogara da maganar wanda ya ankarar da kai kawai. Gyaran da shi ma sai an sake gyara shi ya fi kuskuren farko zubar da mutunci. In ka tabbatar, ka gyara a cikin rubutun, sannan ka ƙara sanarwa gajera mai ɗauke da abu uku: ranar gyaran, abin da ka faɗa da farko, da abin da yake daidai. Misali: "Gyara, 12 ga Maris: da farko na rubuta cewa za a rufe rajista ranar 20. Daidai shi ne ranar 10." Layi biyu sun wadatar. In kuskuren ya taɓa jigon maganar, sanarwar ta hau sama, inda ido zai fara sauka. In gefe ya taɓa, ƙasa ta isa. Kuma ka duba kanun rubutun da bayanin da ke ƙarƙashin hoto, domin nan ne aka fi mantawa, alhali mutane da yawa kanun kaɗai suke karantawa.

Abin da ya fi damuna shi ne sanarwar da ba ta sanar da komai ba, irin "an yi ɗan gyara a wannan rubutu". Me aka gyara? Wanda ya karanta jiya har yanzu bai san wace magana zai ajiye ba. Haka kiran gyara da sunan "ƙarin bayani". Ƙarin bayani na sabon abin da ya faru bayan ka rubuta ne. In tun farko maganar ba daidai ba ce, sunanta gyara. Manyan jaridu ba sa jin kunyar wannan: Guardian ta Ingila tana da filin gyare-gyare na musamman tun 1997.

Sannan ka bi sawun rubutun. Duk inda ka tura shi, can za ka kai gyaran. WhatsApp minti 15 kawai yake ba ka na gyara saƙo, bayan nan sai dai ka aika sabo, ka jingina shi da na farko. Facebook kuma yana nuna tarihin gyara ga duk mai son dubawa, don haka sauya magana a asirce sannan ka ce ba ka taɓa faɗa ba, kai za ta kunyata. Gogewa gaba ɗaya ma ba ta kashe maganar, tunda wani ya riga ya ɗauki hotonta yana yaɗawa, kai kuma ka rushe wurin da mutane za su zo su ga gaskiya.

Inda gogewa ta wajaba shi ne in rubutun ya ɗora wa wani laifin da bai yi ba, ko ya tona sirrinsa. Nan ka cire maganar nan take, ka bar sanarwar janyewa a gurbinta, ba tare da maimaita zargin dalla-dalla ba, don kada ka sake yaɗa shi. Ka nemi mutumin kai tsaye. Neman afuwar kuma kada ka sa masa "idan na ɓata wa wani rai". Ka faɗi abin da ka yi, ka ce ba daidai ba ne.

Wanda ya nuna maka kuskure, gode masa ko da ya zo da zafi, amma ka tambaye shi kafin ka ambaci sunansa a sanarwa. In kai ne mai nuna wa wani, fara da saƙo tsakaninku, ka kawo masa layin da ke da matsala da hujjarka, ka ba shi kwana ɗaya ko biyu. Sai in kuskuren zai cutar da lafiya ko dukiyar masu karatu ne za ka yi magana a fili ba tare da jira ba.